Tarihin Rayuwar Saito Takao, Kashi na 4: Ranar da Ya Titsiye Gwamnati

A makon jiya mun rabu ne a watan Mayun 1936, lokacin da Saito Takao ya miƙe a majalisar wakilan Japan ya ce wa sojoji su cire hannu daga siyasa, wata biyu da 'yan kwanaki bayan ƙananan hafsoshi sun yi wa ministan kuɗi Takahashi Korekiyo kisan gilla a gidansa. A wancan karon tafi aka yi masa, kowa ya watse. Yau za mu ga inda bakinsa ya kai shi.

Yaƙi da ƙasar Sin ya ɓarke a watan Yulin 1937, sojoji suna cika baki cewa aikin 'yan watanni ne. Aka shekara biyu da rabi ana kwasar samari daga ƙauyuka, haraji na ta hawa, shinkafa da gawayi suna neman gagarar talaka, amma shugaban Sin Chiang Kai-shek bai miƙa wuya ba. Firaminista kuwa sai canza su ake yi: Konoe ya sauka, Hiranuma ya hau ya sauka, Abe ma haka, sannan Yonai Mitsumasa. Kowannensu ya zo sai ya maimaita cewa wannan yaƙi ne mai tsarki, na kafa sabon tsari a gabashin Asiya.

Ranar 2 ga Fabrairun 1940 Saito ya hau mumbarin majalisa. Tsoho ne ɗan tsurut, yana dab da cika shekara 70, lauya ne kuma, saboda haka tambayoyi ya jero. Ya shafe kusan awa ɗaya da rabi. Gwamnati ta ce ba ta neman ƙasar kowa, ba ta neman diyya. To jinin da aka zubar da kuɗin da aka ƙona, me za a nuna wa jama'a a madadinsu? An ce ba za a yi magana da Chiang ba, za a kafa wa Wang Jingwei, ɗan siyasar Sin da ya rabu da Chiang ya bi Japan, gwamnati. Shin mutumin da ba shi da rundunar kirki zai iya riƙe ƙasa kamar Sin? Kuma yaushe ne abin zai ƙare, ta wace hanya?

Kada mai karatu ya ɗauka Saito mai wa'azin zaman lafiya ne. Ko kusa. A ganinsa duniya ta mai ƙarfi ce, ƙasashe kuma don ribarsu suke yaƙi, kuma ya faɗi hakan ƙarara. Abin da ya ƙi shi ne a fake da sunan tsarki a ƙi yi wa mutane bayani. Ni a ganina wannan ne ma ya fi ƙona wa hafsoshi rai, domin da kukan tausayi ya yi, da sun ce tsufa ne. Lissafi ya nema, su kuwa ba su da shi.

Sojoji suka ce ya ci mutuncin waɗanda suka kwanta dama a fagen daga. Kakakin majalisa ya sa aka goge kusan kashi biyu cikin uku na jawabin daga kundin zama. Jam'iyyarsa ta Minseito, wadda ya daɗe yana yi wa hidima, ta lallaɓa shi ya fita daga cikinta, sannan aka matsa masa ya ajiye kujerarsa salin-alin. Ya ƙi.

Ranar 7 ga Maris aka kaɗa ƙuri'a. Mutum 296 suka ce a kore shi, 7 kacal suka ce a'a, 144 ba su jefa ƙuri'a ba. Cikin bakwai ɗin nan akwai Ashida Hitoshi, wanda ya zama firaminista a 1948. Sauran 'yan majalisar kuwa, da suka ba da ɗan'uwansu don su tsira, ba su tsira ba: kafin shekarar ta fita jam'iyyun duk sun rushe kansu, aka kafa ƙungiya guda mai mara wa gwamnati baya a watan Oktoba.

Saito ya koma gida ba kujera, ba jam'iyya, 'yan sanda na sa masa ido. Amma mutanen mazaɓarsa a lardin Hyogo ba a tambaye su ba tukuna. Yadda ya tsaya zaɓen Afrilun 1942 ba tare da amincewar gwamnatin Firaminista Tojo ba, da abin da akwatin ƙuri'a ya fitar, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.