Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da aka kai Yaya bayan kanta

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan labari. A makon jiya na tsaya a inda Yaya ya daina barci, ya koma kwana yana zagaya tsakar gida yana karatu da ƙarfi, Inna tana biye da shi da ƙwaryar rubutu da kaskon turare. Da yawanku sun tambaye ni me ya hana mu kai shi asibiti tun a lokacin. A ƙauyenmu babu wanda ya kira abin da sunan ciwo. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu aka yi masa saboda fataucin awakin da yake yi zuwa Maigatari ya fara kankama, dangin matarsa kuwa suka ce ƙwaya yake sha a ɓoye. Yaya ko taba bai taɓa sa wa a bakinsa ba.

Kakar 2019 ce, an gama girbin gero ana yankan riɗi. A waɗannan makonni rediyo ba shi da zance sai na gidajen mari. A ƙarshen watan Satumba 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa, ba a jima ba aka ji irin haka a Daura. Kawu ya riga ya gama magana da wani malami da ke ɗaure masu irin wannan lalura, jin labarin ne ya sa ya janye. Ni kuwa har addu'a na yi wa 'yan sandan da suka kwance bayin Allah nan. Ina faɗin wannan don kada wani ya ɗauka da ƙiyayyar kaki na tashi.

Ranar kasuwar garin da ke kusa da mu, ni da Inna muna rumfa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, sai ga wani yaro a guje yana haki: "Inna, ku zo, ga ɗanku can ya hau buhuna a 'yan hatsi!" Mun baro shi a gida da niyyar zai bi su Kawu gona. Ashe hanyar kasuwa ya miƙe, da laujen yankan riɗin a hannunsa.

Da muka isa, yana tsaye a kan tarin buhuna, ba hula ba takalmi, yana wa'azi a kan masu tauye mudu da masu ɓoye hatsi har ya yi tsada. Yana ɗaga laujen sama yana nuna mutane da shi. Ban ɓoye wannan ba, kuma na san abin tsoro ne ga wanda bai san shi ba. Amma bai sari kowa ba, bai ma sauko ba. Jama'a suka yi masa zobe, yara na ihu suna kiransa da sunan nan da har yau ba na iya furta shi a kansa, wasu na jifansa da ɓawon rake. Inna ta fara kutsawa tana kiran sunan da take kiransa tun yana goye. Na ga ya juyo, na ga hannunsa ya fara sauka.

A daidai nan motar 'yan sanda ta tsaya. Wani daga cikin 'yan kasuwa ne ya kira su, kuma ban riƙe shi a zuciya ba. Wa zai kira? Babu motar asibiti da za ta zo, babu ma'aikacin lafiya a yankinmu da ya san wannan ciwo. Lambar da kowa yake da ita ta caji ofis ce.

Suka diro da kulake, ɗaya da bindiga. Dukansu suka shiga daka masa tsawa a lokaci guda: "Sauko! Ajiye makami! Kwanta a ƙasa!" Inna ta durƙusa a gaban wanda ke gaba, ta ce, "Yallaɓai, ɗana ne, ba shi da lafiya. Ku ba ni dama in yi masa magana, muryata yake ji." Ya ce, "Matsa, Iya, irin waɗannan 'yan ƙwayar mun san maganinsu." Ya ture ta gefe. Yaya da ya ga Inna a ƙasa sai ya kurma ihu ya duro. Suka harba barkonon tsohuwa a tsakiyar kasuwa, mata da goyo suka watse suna tari. Kulkin farko a hannun da ke riƙe da laujen ya sauka, laujen ya faɗi can gefe, na gan shi da idona. Da a nan suka tsaya, da ban rubuta wannan kashi ba. Sai suka ci gaba, a baya, a haƙarƙari, a ƙafa, mai bindigar ya sa gindinta a kafaɗarsa, alhali yana kwance yana kiran Inna. Suka sa masa ankwa ta baya da karyayyen hannun, suka jefa shi bayan mota kamar buhun dusa.

Daga baya wani likita ya yi mini bayanin da ya zauna mini a rai. Ya ce mutumin da ciwon ya taso masa a irin wannan hali, kansa cike yake da tunani masu gudu, wani lokaci da muryoyin da shi kaɗai yake ji. Tsawa ba ta shiga kunnensa a matsayin umarni, barazana yake ji, sai tsoronsa ya ninka. Abin da ake yi shi ne a kori 'yan kallo, a ba shi fili, mutum ɗaya ya yi magana da murya ƙasa-ƙasa, in da wanda ya yarda da shi a gabatar da shi, sannan a yi haƙuri da lokaci. Duk wannan ba ya cin ko kwabo. A kasuwar nan akwai fili, akwai lokaci, ga uwarsa a durƙushe. Abin da babu shi ne wanda aka koya wa bambanta marar lafiya da mai taurin kai. An koya musu cewa wanda bai bi umarni ba ya raina hukuma, sai suka hukunta shi a kan abin da ba shi da ikon yi.

Da la'asar muka bi su caji ofis da Kawu da mai unguwa. Aka ce an rubuta shi da laifin tayar da hankalin jama'a da yunƙurin sarar jami'i. Ta tagar sel muke jin muryarsa ta dushe, yana ta maimaita aya ɗaya. Sauran waɗanda ke tsare suka yi ta ƙorafi ya hana su barci, sai aka ɗaure shi da ƙarfen ƙofa. A jikin bango an rubuta cewa beli kyauta ne. Kawu ya sayar da ragon da yake kiwo kafin a sake shi. Tsarin mulkin ƙasa ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu in kotun na da nisa. Yaya ya wuce haka, bai ga alƙali ba, bai ga likita ba, hannun ya kumbura har ankwar ta nutse a ciki.

Akwai mutum ɗaya a ofishin da ba zan manta da shi ba, wani sajan mai furfura. Shi ya karɓi kunun da Inna ta kawo ya ba Yaya a baki, shi ya sassauta ankwar da dare. Ya ja Kawu gefe ya ce, "Malam, ƙanwata ma ta yi irin wannan. Kada ku koma da shi wurin masu duka. Ku kai shi Kazaure, akwai asibitinsu a can." Shi ma ba a aji ya koya ba, a gidansu ya gani. Bai kamata lafiyar ɗan wani ta rataya a kan sa'ar haɗuwa da jami'in da ciwon ya taɓa shiga gidansu ba.

Wasu dangi suka ce a bar shi a can ya ɗan ji jiki, wai zai dawo hayyacinsa. Inna ta ce musu hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Muka fara biyawa wurin maɗori, sannan muka wuce Kazaure. Aka yi masa allura, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Likita ya ce ciwo ne sananne da ke ɗaga mutum sama har ya rasa barci, wani lokaci kuma ya jefa shi cikin baƙin ciki, kuma yana jin magani. Cikin 'yan makonni Yaya ya dawo yana tambayar kuɗin riɗi da lafiyar awakinsa.

Ciwon da muke tsoro ya lafa, abin da kulki ya bari ne ya ƙi tafiya. Hannun dama bai koma daidai ba, ba ya iya riƙe fartanya na dogon lokaci. Mafi muni shi ne tsoro. Karɓo magani sai an hau titi, titi kuma ba ya rasa shingen bincike. Da ya hango kaki sai jikinsa ya ɗauki rawa, ya ce a sauke shi. Akwai watannin da ya ƙi zuwa sam, maganin ya yanke, ciwon ya dawo. Ni na koma karɓo masa, amma likita yana bukatar ganin marar lafiya da idonsa.

Ƙauyen ma ya ɗauki darasin da bai kamata ba. Akwai wani gida da 'yarsu ta kamu bayan haihuwa. Da suka tuna abin da ya sami Yaya sai suka kulle ta a ɗaki da igiya a ƙafa, suka ce gara haka da ta fita a illata ta. Sarƙar da aka kwance a Rigasa ta dawo cikin gidajenmu a ɓoye, tsoron duka ne ya dawo da ita.

Wani malamin makaranta ya ba mu shawara mu kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Shi ya fara gaya mini cewa tun 2017 akwai dokar hana azabtarwa, wadda hukuncinta ke kaiwa ɗaurin shekara 25. Kawu ya ce, "Malam, mu da muke kwana a ƙarƙashinsu? Gobe in an sace mana saniya wurin wa za mu je?" Inna ta ce ta bar wa Allah. Maganar ta mutu a zaure.

A lokacin da abin ya faru, dokar da ke kan masu taɓin hankali a Nijeriya ta 1958 ce, ta zamanin Turawa, wadda ta fi damuwa da tsare mutum a kan yi masa magani. A 2020 aka yi sabuwar dokar 'yan sanda da ta ce a mutunta wanda aka kama, kada a azabtar da shi. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar. Na ji daɗinta da gaske. Amma ina so in ga ranar da za ta iso kasuwarmu: a zaunar da kurtun da ke bayan mota a koya masa abin da sajan nan ya sani, a ba ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi horo da magani, dagaci ya samu lambar da zai kira wadda ba ta caji ofis ba. Likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, ba za su isa ƙauyuka ba, don haka dole wanda ke fara isowa wurin ya san abin yi.

Yaya bai cika wata biyu da dawowa daga Kazaure ba sai ga surukinsa da wasu dattawa biyu sun yi sallama a zaure bayan magariba, sun zo karɓar takardar 'yarsu. Abin da matar Yaya ta faɗa a gabansu, da yadda zaman ya ƙare, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.