Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Kaye Mai Dala Ashirin

Makon jiya mun tsaya a ranar da na miƙa makullin mota, aka kuma sa hannu a takardar filina na unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi. Kuɗin ko kwana ba su yi a hannuna ba suka wuce wajen masu bina bashi. Sai mutum ya zaci daga nan hankalina ya kwanta. Ina! Sayar da mota rana ɗaya ake yi, a ji zafin a wuce. Cefane kuwa kullum garin Allah ya waye yana nan yana jira.

Kwana uku bayan haka, cikin watan Oktoba na 2020, Kawu ya yi sallama bayan isha'i. Ƙanin Inna ne, tsohon mushen lakwal da ya yi ritaya, mutumin da a da nake yi wa kallon mai ƙwauro saboda har kuɗin gishiri rubutawa yake. Ya zauna kan tabarma, ya zaro sabon kaye, wato littafin rubutu, da bik daga aljihu ya ajiye gabana.

"Dala ashirin na saye shi," in ji shi, wato sefa ɗari. "Nawa ya rage ake binka?"

Na ce, "Kawu, za su kai miliyan biyar haka."

"Haka? Bashi ba shi da haka. Kai da ka yi shekara goma sha biyu kana sauke shinkafa daga Kwatano, ba ka san abin da ke wuyanka ba?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce in tuna ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ba a kan salla ta sauka ba, ba a kan azumi ba, a kan rubuta bashi ta sauka. Ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in fara kawo sunaye.

Dare uku muka yi muna wannan aiki. Babban Alhajin da ke ba ni kaya, mai sito, direbobi biyu, 'yan dako, da wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta ba ni jika 200, wato sefa dubu ɗari biyu, in riƙa juya mata. Ita wallahi na ma manta da ita sai da matata Hajiya ta tuna mini daga bayan labule. Da aka haɗa, miliyan 6 da jika 400 ne. Na ji kamar an ɗora mini buhu a ƙirji, amma abin mamaki, a daren na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

A shafi na biyu muka rubuta waɗanda ni nake bi, mutanen Jibiya da Katsina da suka ɗauki kaya kafin Najeriya ta rufe iyakokinta cikin watan Agusta na 2019. Kuɗi ne masu kauri, amma da naira aka yi cinikin, ga naira tana ta zubewa a gaban sefa. Ina cikin lissafin yadda zan biya wane in wane ya biya ni, sai Kawu ya karɓi bik ya ja layi daga sama har ƙasa.

"Waɗannan ka ɗauka sun mutu. In wani ya dawo, tsintuwa ka yi. Kada ka ɗora tukunya don su."

Shafi na uku shi ne ya tona mini asiri. Kawu ya ce wata guda cur in rubuta duk abin da ya fita daga aljihuna, ko dala ɗaya ce. Na yi, ina jin kunyar kaina, ina laɓewa bayan runfa in rubuta "goro, dala goma". Da wata ya cika muka zauna, sai ga shi tuwo da miya ba su ne ke cin kuɗin ba. Abin da ke cin su sunan Alhaji da ake kirana da shi ne. Sukari da ganyen shayi na fada, ni ke saye. Katin waya na ƙanne da 'ya'yan ƙanne, ni. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, hannu cikin aljihu. Suna, ɗaurin aure, gudummawar wannan, sallamar wancan. Ga ni karyayye, sitona babu ko buhu ɗaya, amma ina ta biyan harajin wani mutum da ya riga ya tafi.

A nan zan faɗi abin da ban taɓa yarda da shi a gaban mutane ba. Duk wanda ya tambaye ni me ya karya ni, cewa nake rufe iyaka. Gaskiya ce, an daɗe hanyar Ɗan Isa ta shiga Najeriya tana toshe, ga korona ta zo ta ƙara a kai. To amma iyakar ba a kaina ni kaɗai aka rufe ta ba. Akwai wanda runfarsa ke jikin tawa a babbar kasuwa, jarinsa bai kai rabin nawa ba, ya jigata amma bai faɗi ba. Daga baya na gane albashi yake yanka wa kansa kowane wata kamar ma'aikacin gwamnati, sauran ba ya taɓawa. Ni kuwa aljihu ɗaya gare ni. Kuɗin babban Alhaji, uwar kuɗi, riba, kuɗin cefane, duk a nan suke cakuɗe. Ashe na daɗe ina cin uwar, kayan bashi da ke shigowa suna rufe ramin. Rufe iyaka ya ɗage tabarmar ne kawai aka ga abin da ke ƙarƙashi.

Sana'ar da na koma ba ta buƙatar jari mai yawa. Ina bin kasuwannin Caduwa da Gazawa da wajen Madarunfa ina saya wa wasu 'yan kasuwa aya da wake, a ba ni la'ada a kan kowane buhu. Ni da nake aiken yara, yanzu ni ake aike. Ɗan jarin da na fara da shi na kaina, jika 150, daga 'yan kunnen zinariyar Hajiya ya fito. Ita ta kai su kasuwa da kanta, sai da ta dawo ta gaya mini.

Gwangwanayen madara uku ta wanke ta jera cikin akwatinta. Ɗaya na gida, ɗaya na bashi, ɗaya na uwa. Duk jika goma da ta shigo, biyar gida, uku bashi, biyu a ƙara wa uwa. Dokar ɗaya ce: gwangwani ba ya ranta wa ɗan'uwansa. In na gida ya ƙare ranar Laraba, to daidai ruwa daidai tsaki, a sha fura har kasuwar Juma'a. Ban ɓoye muku ba, a wata na biyu na karya dokar, na ɗebi jika goma sha biyu daga na uwa na yi ɗinki saboda auren ɗan wani abokina. Kawu bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in rubuta a kaye cewa ni, wane, gwangwani yana bina jika 12. Sai da na yi mako shida kafin na biya kaina.

Maganar hatsi kuwa, Hajiya ce malamar. Kowa a Maradi ya san da kaka hatsi ke araha, da damina kuma ya hau, amma mai kuɗi a aljihu bai damu ba. Mu a da tiya-tiya muke aika yaro ya sayo a butik, ko a sauke buhun shinkafa daga sito ba lissafi. Ita ta zauna ta ƙirga: buhu tiya arba'in ne, gidanmu na cin tiya ɗaya da rabi a rana, ke nan buhu bai cika wata ba. Muka sayar da kilim mai sanyaya ɗaki da talabijin babba da kujerun falo, muka sayi buhu shida a farkon Nuwamba, kowanne jika 21 kamar yadda yake rubuce a kayena. Kafin a yi shuka ya doshi jika talatin. Wannan bambancin shi ne ribar farko da na gani bayan karayata, kuma ba a kasuwa na same ta ba, a ɗakin ajiya na same ta.

Makullin ɗakin yana ɗaure a bakin zanenta. Kowace safiya ita ke auna na ranar, ba ta aiken kowa. Shinkafa ta koma abincin Juma'a kaɗai, a gidan mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana sayar da ita. Sauran kwanaki tuwon hatsi da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, da rana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Nama sau biyu a mako, shi ma don miya ta yi ƙamshi. Yara uku muka fitar daga lakwal ta kuɗi muka mai da su ta gwamnati. Babbar ta yi kuka kwana biyu, na uku ta dawo tana ba da labarin sababbin ƙawaye.

Firigo kaɗai Hajiya ta hana a sayar, muka yi ta gardama a kai. Ita ta yi gaskiya. Azumin 2021 ya kama cikin watan Afrilu, tsakiyar zafin bazara, ta riƙa ƙulla ƙanƙara da zoɓo da ruwan tsamiya, yara na fita da su da la'asar. Ranar da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a yi asara, ranar da ya tsaya a samu. Da wannan aka biya takardar kuran ɗin kanta, aka kuma yi wa yara ɗinkin ƙaramar salla. Ni da ita tsofaffin kayanmu muka ba wa mai guga.

Duk waɗannan cikin gida ne, ba mai gani. Wuyar tana waje.

Matan Maradi sun san biki. In ƙawarki ta kawo miki jika biyar ranar sunanki, ranar nata sai ki mayar da goma, ita kuma in naki ya sake zagayowa ta ninka. Lokacin da muke da hali, bikin Hajiya da wasu ƙawayenta ya kai inda faɗarsa ma kunya ce. Yanzu ga sunaye na tahowa. Ta ɗauki mayafi ta bi su gida-gida. Ta gaya mini abin da take ce musu: "Ƙawata, kin san halin da muke ciki. Abin da kika kawo mini zan mayar miki daidai, a hankali, amma ninki ya fi ƙarfina. Mu kashe shi a nan." Biyu suka rungume ta, ɗaya ma ta ce ita kanta ta gaji da abin, ta rasa mai fara faɗa ne. Ɗaya kuwa har yau gaisuwarsu daga nesa ce.

Nawa gwajin ya zo a wani ɗaurin aure a unguwar Zariya. Maroƙi ya hango ni, ya ɗaga murya ya fara jero kirarin da ya saba yi mini, na mai shinkafa, na mai kyautar da ba a ƙirgawa. Idanu suka juyo. Hannuna da kansa ya tafi aljihu, inda jika biyu take, kuɗin motar zuwa Caduwa washegari. Na tsaya. Na laluba na ciro dala ashirin na miƙa masa. Ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya juya wajen wani Alhajin da kirarin nan nawa, ko kalma bai sauya ba sai suna. Na daɗe ina dariya a zuci a kan hanyar gida. Shekara nawa ina sayen abin da ashe na haya ne.

Fada ma na rage zuwa. Na ji an ce Alhaji ya zama marowaci, wasu suka ce ɓoye kuɗi na yi. Na bar su.

Wajen biyan bashi, ni so na yi in fara da babban Alhaji don in wanke fuskata a kasuwa. Kawu ya ce a'a, a fara da wanda tukunyarsa ke jiran kuɗin. 'Yan dako da tsohuwar nan su ne farko, sannan direbobi. Ranar da na kai wa tsohuwa cikon jika 200 ɗinta, cikin watan Yuni, ta riƙe hannuna tana sa albarka har na rasa inda zan sa kaina, don ni na san ribar da na yi mata alkawari ko dala ba ta gani ba.

Shi kuwa Alhaji, Litinin ta farkon kowane wata nake zuwa da abin da ya samu. Zuwan farko jika 15 na kai, a kan bashin da ya haura miliyan huɗu. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ya sawwaƙa." Ya ƙirga, ya yi dariya har da tafa hannu.

"Da wannan tafiyar, sai jikanka ya ƙarasa biyan jikana."

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, a dai sa mini hannu a nan." Na miƙa kaye. Ya juya shafukan a hankali, har ya kai inda na rubuta goro dala goma. Dariyar ta tsaya. Ya sa hannu, ya ce Allah da kansa ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, in riƙa zuwa, kada dai in ɓuya. A lokacin akwai wanda ya yi mini tayin rance da ruwa don in sallami Alhaji gaba ɗaya in huta da durƙuso. Na gaya wa Kawu, ya ce in na ga dama in haƙa rijiya don in cike kwatami.

Haka muka lallaɓa har watan Yuli, babbar salla ta matso. Gwangwanin uwa ya kai jika 210, ban taɓa shi ba tun abin ɗinkin nan. Sai Inna ta aiko a kira ni. Ta ce tun da mahaifina ya kafa gidan nan ba a taɓa wayar garin salla ba rago a ɗaure ba, kuma ba a kan idonta za a fara ba. Na ce, "Inna, layya ai ga mai hali take." Ta ce, "Ni za ka karanta wa littafi?" Ta juya mini baya.

Saura kwana huɗu salla, da tsakar dare, na tashi a hankali na buɗe akwatin Hajiya. Hannuna na kan murfin gwangwani na ji muryarta cikin duhu, ashe idonta biyu.

"Alhaji, in za ka ɗauka, kunna fitila ka ɗauko kaye tukuna."

Abin da ya faru tsakanina da ita da Inna kafin safiyar salla, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.