Haɗa shuɗin Maya da shuni: inda aiki ya kai

'Yan'uwa masu koyon kwaikwayon zanen Maya, tsohuwar al'ummar kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya, kafin a taɓa fenti a gyara abu ɗaya. Wasannin kwamfuta da finafinai sun saba nuna gine-ginen Maya launin toka, dutse tsirara. Ba haka suke ba a zamaninsu. Ja aka shafe yawancinsu da shi, zanen bangon tsohon birninsu Bonampak kuwa, a jihar Chiyafas ta Meziko, wanda aka yi wajen shekara ta 790, har yau shuɗinsa na nan garau. Shi ma zagayayyen dutsen nan da aka buga a riguna a 2012 da sunan kalandar Maya, na Aztek ne, wata al'umma daban ta tsakiyar Meziko. Kada ku kwafe shi.

Yanzu mun iso kan shuɗin. Kayan haɗinsa biyu ne: shuni, irin wanda ake samu daga baba, da wani farin yumɓu mai suna paligoskait, wanda 'yan kasuwa ke kira atapulgait. Mutanen yankin Yukatan na Meziko sun haƙo shi a garin Sakalum. Yumɓun tukwane ba zai yi ba, domin shi paligoskait yana da 'yan ramuka siriri a jikinsa, nan ne shunin ke maƙalewa idan zafi ya kori ruwan da ke ciki.

Awo: giram 100 na yumɓu, giram 1 zuwa 2 na shuni tsantsa. Shunin kasuwa yakan zo da datti, sai a ɗan ƙara. A daka su tare a busasshe har su yi laushi kamar hoda, a tankaɗe. A baza a faranti, kada kaurin ya wuce rabin santimita, a gasa a kan digiri 150 zuwa 190 a ma'aunin Salshiyas na awa biyu zuwa huɗu.

Kafin gashi garin yakan yi shuɗi fari-fari mara armashi. Bayan gashi sai ya juye shuɗi mai ratsin kore. Idan bai juye ba, zafi ne ya gaza ko dakan bai yi ba. Idan ya koma toka-toka, wuta ta yi yawa, shunin ya ƙone, kuma babu gyara. Cika shuni ma asara ce, rarar ba ta kama yumɓun, launin sai ya yi duhu.

Don takarda, a dama garin da ruwan ƙaro. Mataki na gaba shi ne gwada shi a kan ɗanyen shafen bango.