Asabar: akwatin kifin teku a Yamai

Da sassafe na shiga kasuwar Katako wajen mai yankan gilashi. Ya yanko mini fallaye biyar masu kaurin milimita 6, na akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 35, wanda zai ci ruwa wajen lita 60. Da na ce kifin teku zan zuba sai ya ajiye abin yankan ya ce, "Maigida, teku a Yamai? To Allah ya ba da sa'a." Na ce amin.

Haɗawar ba ta da wuya. Silikon tsantsa na nema, ban da irin na banɗaki mai maganin fumfuna, don wannan maganin kashe kifi yake. Na liƙe, na ɗaure kusurwoyin da salatif, na tura shi ƙuryar ɗaki. Sai ya kwana biyu kafin ya ga ruwa.

Abin da ya cinye mini rana shi ne matacin kumfa. Na kanti tsada gare shi, alhali aikinsa kaɗan ne: iska ta shiga ruwa ta yi ƙananan kumfa, dattin da ya narke ya manne musu, su hau sama su zube a wani ƙoƙo. Na yi nawa da gorar roba, guntun tiyo, ƙaramin injin iska da ɗan itacen da iskar ke fita ta jikinsa. A ruwan famfo banza ne, kumfan haɗewa suke su yi manya su fashe. Da na gwada shi a bokitin ruwan gishiri kuwa, gorar ta yi fari fat kamar an kaɗa nono.

Ina cikin haka Kawu ya shigo, ya ɗaga ledar gishirin teku da aka aiko mini, ya tambayi kuɗinta. Da na faɗa sai ya yi salati. "Kai yaro, ga gishirin Bilma, ga na Foga, har sai an aiko maka daga waje?" Na ce, "Kawu, ai ba iri ɗaya ba ne." Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, kuma wajen kashi 85 cikin ɗari ne kawai irin na miya. Sauran magniziyam ne, kalsiyam, fotasiyam da makamantansu, kuma da su murjani da masu ɓawo suke gina jiki. Akwatina kaɗai zai sha fiye da kilo 2. Teku kuma tana can Kwatano, tafiyar kusan kilomita 1000, ba a maganar ɗebo ta a jarka. Ana iya tsimi a gilashi, a mataci, a fitila, amma ban da gishiri. Kawu dai bai yarda ba, ya sha shayinsa ya tafi.

Zafi ne ainihin abokin gabata. Kifin murjani, wato kifin tekun da ke zama cikin murjani, yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, mu kuwa a Afrilu muna wuce 40. Na'urar sanyaya ruwa ta fi ƙarfin aljihuna, don haka zan kafa ƙaramar fanka ta riƙa busa saman ruwan. Tana rage zafi, sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa, gishiri kuwa yana nan ba ya tashi. Shi ya sa zan ja layi a jikin gilashin, in ruwa ya sauka in cika da tataccen ruwa marar gishiri. Idan an ɗauke wuta kuma, fanka da injin iska za su tsaya, ga shi ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai, nan da nan kifi ya galabaita. Na riga na jera gorunan ruwa a firiza su daskare, don ranar irin wannan.

Yara sun dame ni da tambayar yaushe kifi zai zo. Ba yanzu ba. Sai ƙwayoyin halittar da ke mai da ammoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, naitirait, su mai da shi naitiret mai ƙarancin illa, sun zauna a duwatsu da yashi, abin da kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Ko sannan ma da moli, wata ƙaramar kifanya, zan fara, tunda a hankali tana sabawa da ruwan gishiri kuma ba ta da tsada.

Gobe zan nemi injin iska mai batir, in na samu mai araha.