Mu biyar ne, kuma ba ma ɗaukar fiyano

Jiya ma sai da aka sake yi min tambayar nan. Wani Alhaji ya kira yana so mu je walimar tarewa a sabon gidansa, na faɗa masa kuɗinmu, sai ya ce haba malam, ku biyar kacal, ba fiyano ba manyan lasifikoki, me zai ci wannan kuɗin? Na ce ranka ya daɗe, shekarun da ke hannun mutum biyar ɗin nan su kake biya. Ya ce akwai yaron da zai zo masa da fiyano ɗaya ya fitar da goge da kalangu da sarewa duk a ciki, a kan kwatan abin da na faɗa. Na ce to Alhaji Allah ya sanya alheri. Ban ji haushinsa ba wallahi, kunnen mutane ne aka ɓata, shi ya sa na ga gara in zauna in yi bayanin aikinmu.

Ƙungiyarmu ƙarama ce, a Kano muke. Ni nake riƙe da goge kuma ni nake jagora, sai mai gurmi, mai kalangu, mai sarewa, da mai ƙwarya. Kiɗan zaure muke yi, wato kiɗan da ake zama a saurara, mutum 40 ko 60 a falo ko a tsakar gida ko ƙaramin ɗakin taro, ba na filin rawa ba. Ba ma roƙo, ba ma kama sunan wani mu yi ta wasa shi don ya yi liƙi. A yi jinga, mu zo, mu zauna, mu yi abin da muka iya.

Gogen nan a wurin wani dattijo na koye shi, Allah ya jiƙansa, kuma sai da na shekara biyu cur ina bin sa bai bar ni na ja izga, wato bakan da ake goga wa goge, a gaban mutane ba. Aikina ɗaukar kaya, shafa ƙaro, da tsefe tsagiya. Zai zubo min gashin wutsiyar doki a kan tabarma ya ce ɗana ware min, in bi sili sili ina ja tsakanin yatsu, wanda ya yi kauri a gefe, mai ƙulli a gefe, wanda ya lanƙwashe a zubar. In na kawo masa sai ya rufe ido ya shafa da babban yatsa, ya zaro guda uku ko huɗu ya ce waɗannan fa? Ran nan na gaji na ce Baba ai sili ɗaya ba zai hana goge kuka ba. Bai ce min komai ba, ya ɗaura tsagiyar yadda na kawo ta, ya gyara jaki, wato ɗan itacen da ke ɗage tsagiyar a kan fata, ya ja. Na ji wata 'yar ƙara tana bin bayan sautin kamar ƙudan zuma ya shiga kumbo. Ya cire silin, ya sake ja, muryar ta fito tas. Tun daga ranar ban ƙara yi masa musu a kan tsagiya ba, kuma har yau da hannuna nake warewa, ba na ba kowa.

To ita tsagiyar nan yanzu samunta ya zama aiki. Ta ingarma muke so, don ta goɗiya fitsari yana taɓa ta sai ta yi rauni ta dinga tsinkewa. Akwai wanda yake kawo min daga kasuwar Maigatari ran Alhamis, shekara da shekaru muna tare lafiya, bara sai ya kawo min ƙunshi biyu, sama mai kyau, da na kwance ciki sai ga gashin wutsiyar saniya an cakuɗa. Sati ɗaya ya rage mu tashi tafiyar wasa. Sai da na bi masu kula da dawakin hawan sallah gida gida ina roƙon kaɗan kaɗan kafin na haɗa na goge biyu. Wasu kuma yanzu zaren roba na kamun kifi suke ɗaurawa su kai kasuwa su ce goge ne, kumbon an rufe shi da fatar akuya maimakon fatar guza, an shafa fenti yana ƙyalli. Baƙo ya saya ya rataye a bango, shikenan ya ɗauka abin da muke kaɗawa ke nan. Wannan abu yana ci min rai ƙwarai.

Yadda aka yi na kafa ƙungiyar kuwa, wasu Turawa huɗu ne suka zo wasa wani ɗakin taro, abokina ya ja ni muka je. Biyu da ƙananan gogensu na kafaɗa, ɗaya da wanda ya ɗan fi girma, ɗaya da babban da ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Ba mai tsayawa a gabansu da sanda yana ba da umarni, ba lasifika, ido kawai suke haɗawa, wani lokacin numfashin na farkon za ka ji ya ja sai duk su shiga tare. Ɗakin ya yi tsit har ƙarar fanka kana ji. Da aka tashi na matsa na duba izgarsu, sai na ga ashe gashin doki ne, ƙaro kuma suke shafawa kamar mu. Mai babban gogen ya gaya min cewa wannan tsari na mutum huɗu ya haura shekara 200 a wurinsu, wani mutumin Ostiriya mai suna Haydn da ya rasu a 1809 shi kaɗai ya rubuta irin kiɗan sama da 60, kuma ƙungiya ɗaya takan shekara 20 ko 30 tare suna yawo gari gari. Na dawo gida ina ta juya abin a raina. Ai mu ma muna da wannan, zaman da Baba yake yi da abokansa bayan isha'i a soro me ya raba shi da wannan? Mu dai ba mu ɗauke shi sana'ar da za a tsara a fita da ita ba ne.

Mai kalangunmu gado ya yi, kakansa makaɗin mahauta ne, tun yana ɗan shekara bakwai yake rataye da ɗan karɓi a bayan babansa. Matsalar da muka fara samu da shi ƙarfi, don hannunsa ya saba da fili, in ya matse tsarkiya ya sauke makaɗi sai gurmi ya ɓace gaba ɗaya. Wata shida muka yi yana koyon yin ƙasa da hannu. Yanzu in kuka ji shi yana amsa wa goge magana a hankali kamar mai raɗa, sai tsigar jikinku ta tashi. Mai gurmi tela ne, har yanzu yana da shagonsa, da daddare ya koya a ɓoye saboda gidansu gidan malamai ne ba sa so. Mai sarewa Bafulatani ne da ya taso a kiwo, shanun suka ƙare ya shigo birni yana gadi, a bakin wani get na ji shi yana busa da asuba na tsaya na yi masa sallama. Mai ƙwarya shi ne ƙaraminmu kuma shi ne ɗan boko, ya karanta kiɗa a kwaleji, ya iya rubuta sauti a takarda, shi yake rubuta mana abin da muka tsara don kar ya bi iska.

Mun yi rashi ma. Mai gurminmu na farko situdiyo ta ɗauke shi, yana sa wa waƙoƙin fim kiɗa, kuma ban ga laifinsa ba don yana da iyali. Abin da ya dame ni shi ne sau ɗaya suka ɗauki sautin gurminsa suka zuba a kwamfuta, daga nan suka daina kiransa, yaro yana danna madanni gurmin yana fita. Irin fiyanon da Alhajin jiya yake magana ke nan. Sautin wani bawan Allah ne a ciki wanda ba a biya shi ba, kuma ba ya numfashi, ba ya jiran mawaƙi, ba ya jin ɗaki ya yi sanyi ya sassauta.

Yawo kuwa mun yi shi. Mukan bi ta Daura mu tsallaka Kongolam mu shiga Matamaye sai Damagaram, ko mu bi Katsina da Jibiya mu faɗa Maraɗi, daga can Yamai. Mutanen Damagaram sun iya sauraro, ba a taɓa katse mu da surutu a can ba. A Yamai ne na shiga cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya na ga kayan kiɗan gargajiya da suka adana, a nan na fara ganin biram, mai tsarkiya biyar na Buduma mutanen tafkin Chadi, wanda marigayi Malam Mamman Barka ya je ya koyo a wurin tsohon da ya rage da iya shi, ya zaga duniya da shi kafin rasuwarsa a 2018. Mu ma nan Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsarkiya ɗaya ya fita ƙasashen waje, har ya rasu a 2015 bai canza shi da fiyano ba. Da aka rufe boda a watan Agustan 2019, ga korona ta biyo baya, sai muka koma zaman gida muna gwaji kullum bayan la'asar, a lokacin ne ma muka tsara mafi yawan abin da muke kaɗawa yanzu.

Tafiyar da ta fi koya min abu ita ce ta Gana. A Tamale na tarar Dagomba suna da nasu gogen, gonje suke ce masa, kuma a fada ake kaɗa shi da daraja, ba wanda yake kallon mai shi a matsayin ɗan bori ko ɗan otal yadda ake mana a nan. Da muka gangara zangon Kumasi sai laima ta kama mu, fatar guza ta saki, gogen ya koma kamar mai mura. Wata Hajiya da ta sauke mu ta ce ɗana me ya samu abin naka? Na ce Hajiya a taimaka min da garwashi a kasko. Na riƙe kumbon nesa da wutar ina juyawa ina ƙwanƙwasawa da farce har fatar ta ɗaure, mai kalangu shi ma ya kawo nasa. Daren nan tsofaffin da aka haifi iyayensu a Kano da Sakkwato suka zauna har ƙarfe ɗaya, wata tsohuwa tana share hawaye da bakin mayafi. Da hunturu a gida kuma akasin haka ne, fata takan ɗaure har ta nemi tsagewa, sai an naɗe kayan a zane an nisanta su da rana.

Mai son ya gayyace mu, ga yadda muke aiki. A sanar da mu da sati uku, saboda mukan tsara kiɗan daidai da taron ne, na walima daban na saukar baƙi daban. A ba mu tabarma ko darduma, a kashe janareta in yana kusa ko a matsar da shi bayan gida, kuma a bar mu mu shiga ɗakin awa ɗaya kafin mutane don kayan su saba da iskar wurin. Muna karɓar yara biyu a shekara masu son koyo, da yardar iyayensu, kuma duk wanda ya zo da ware tsagiya zai fara. Bayan ƙaramar sallah in Allah ya kai mu za mu yi Zariya da Katsina, sauran ranakun watan a buɗe suke.