Auna makarɓan gulutamet yayin da ƙwaƙwalwa ke aiki: yadda muka yi da inda muka yi tuntuɓe

Tambayar da muka fara da ita ba ta da wuyar faɗa: idan mutum ya dage yana riƙe abu a ransa, shin makarɓan gulutamet da ke ƙwaƙwalwarsa suna canzawa har na'urar PET, mai ɗaukar hoton sinadari mai haskawa da aka yi wa mutum allurarsa, ta gani? Gulutamet shi ne babban sinadarin da ƙwayoyin jijiya ke zaburar da juna da shi. Makarɓansa, wato wuraren da yake kamawa a jikin ƙwayar jijiya, iri-iri ne: akwai NMDA da AMPA masu buɗe ƙofa nan take, akwai kuma mGluR guda 8 masu aiki a hankali. Mun zaɓi mGluR5 saboda yana da sinadarin bin sawu da aka daɗe ana gwadawa a jikin mutum, wato ABP688 mai ɗauke da kabon-11, wanda shi ne ke fitar da hasken da na'urar ke gani.

Komai na wannan aiki agogo ne ke mulkinsa. Ƙarfin kabon-11 yana raguwa da rabi duk bayan minti 20 da 'yan daƙiƙu, don haka dole injin sikilotiron mai samar da shi da ɗakin haɗa sinadari su kasance kusa da na'urar. Kafin masu haɗawa su gama, ya zamana mutumin ya kwanta, an sa masa kanula (siririn bututun allura a jijiya), an ɗaure kansa, an kuma ɗauki hoton CT na gyaran lissafi. Jinkirin minti 20 ba rabin haske kawai yake ci ba. Sinadarin da ba ya haskawa yana nan yadda yake, yana mamaye makarɓan da ake son aunawa. Akwai kuma batun siffa: ABP688 yana fitowa a siffar E da siffar Z, E ce mai kama makarɓi sosai. Duk haɗin da Z ta yi yawa a cikinsa zai ba da adadi ƙasa da gaskiya, shi ya sa muke rubuta rabon biyun a kowane haɗi.

Mun bi hanyar allura ta farko sannan ɗiga a hankali da famfo har ƙarshen hoto. Da wannan hanya sinadarin yakan daidaita tsakanin jini da ƙwaƙwalwa bayan kimanin minti 40, kuma sai a lokacin muke fara aikin tunani. Dalili shi ne, sashen da ke aiki yana jan jini da yawa. In aka fara tun farko, ƙarin sinadarin da jini ya kawo zai yi kama da ƙarin makarɓa. Amma jiran yana da tsadarsa: a minti na 40 kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne ya rage, a minti na 80 kashi ɗaya cikin 16. Wato lokacin da aka fi buƙatar hoto mai kyau shi ne lokacin da ya fi dusashewa. Mun tsawaita kowane yanki na hoton zuwa minti 10 a ƙarshe, muka kuma haƙura da ƙananan sassa, muka tsaya kan manya irin su ɓawon ƙwaƙwalwa na gaban goshi.

Aikin da muka ba su shi ne haruffa na fitowa ɗaya bayan ɗaya a allo, mutum ya danna maɓalli idan harafin ya yi daidai da wanda ya wuce sau biyu baya. Dole a koya masa a waje tukuna, in ba haka ba abin da za a auna ruɗewa ce da koyo.

Danna maɓallin nan ya ba mu wahala fiye da yadda muka zata. Da zarar an fara, kafaɗa takan ɗaga, kai ya gusa milimita biyu ko uku. A na'urar da ba ta bambance abin da bai kai milimita 4 zuwa 6 ba, wannan gusawa ta isa ta cakuɗa ɓawo da abin da ke ƙarƙashinsa, ta kuma saɓa wa hoton CT na farko. Mafi muni, motsin yana farawa daidai lokacin da aikin ke farawa, sai ya zama kamar sakamako. Maganin da ya yi mana aiki: tun daga allura mutum ya riƙa danna maɓallin a aiki marar wahala, da yawan dannawa iri ɗaya, sannan a daidaita yankunan hoton da juna kafin kowane lissafi.

Babban kuskurenmu kuwa a tsarin ranaku yake. Don sauƙaƙa wa mutane, mun sa hoton hutu da safe, hoton aiki da rana. Kamawar sinadarin ta fito sama a na biyu, muka ɗauka mun samu abin da muke nema. Ashe tun 2011 DeLorenzo da abokan aikinta a Amurka sun nuna cewa hoto na biyu a rana guda yakan fito sama ko ba a yi aikin komai ba. Wannan rukunin bayanai bai amsa mana komai ba. Yanzu muna raba hotunan a ranaku daban, a sa'a ɗaya, rabin mutane su fara da hutu, rabi su fara da aiki. Muna kuma tambayar taba da barci kafin a shiga: binciken da aka yi a Zurik a 2013 ya samu kamawar ta ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari a masu shan taba, rashin barci kuma yana ɗaga ta. Mashayi ɗaya a ƙaramin rukuni ya isa ya karkatar da sakamako.

Ko an samu canji, fassara shi na buƙatar taka-tsantsan. ABP688 ba ya zama a gurbin da gulutamet ke zama, gurbinsa daban ne a jikin makarɓin. Ba kamar sinadarin bin sawu raklopirayid da dofamin na ƙwaƙwalwa ba ne, inda ɗaya ke ture ɗaya. Idan kamawa ta ragu, mai yiwuwa makarɓin ya nutse cikin ƙwayar ne ko ya sauya siffa. Don haka ba mu rubuta "an saki gulutamet" ba, mun rubuta "samuwar makarɓi ta canza". Ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya da ake ɗauka a matsayin ma'auni ita ma tana da ɗan mGluR5, shi ya sa a wasu mutane muka ɗebi jini daga jijiyar bugun hannu don mu tabbatar da lissafin.

A wata rana daban mun sa su maimaita aikin cikin na'urar MRI, muka auna gulutamet ɗin kansa a wani gurbi mai santimita 2 ta kowane ɓangare. A ƙarfin maganaɗisu na tesla 3 alamarsa tana haɗewa da ta wani sinadari makamancinsa, gulutamin, sai dai a ba da jimillarsu. Ko a tesla 7, ƙarin gulutamet da wasu masu bincike suka samu a sashen gani na ƙwaƙwalwa yayin da yake aiki bai wuce kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari ba, kuma yawancin abin da ake gani na cikin ƙwayoyin ne, ba wanda aka saki a mahaɗar jijiyoyi ba.

A zagaye na gaba wani sinadarin bin sawu na mGluR5, FPEB mai fulorin-18, za mu yi amfani da shi. Ƙarfinsa sai bayan minti 110 yake raguwa da rabi, don haka hasken zai kai mu ƙarshen aikin. Sai dai ya fi jinkirin daidaita, kuma bayan hoto ɗaya dole a jira aƙalla kwana guda kafin a yi na biyu.