Goɗiyar da ta ƙi miƙa kofato

Goɗiyata ta shafe watanni tana jinyar jijiyar ƙafa, kuma duk lokacin da na sunkuya zan duba kofaton sai ta fizge, ta kwantar da kunnuwa. Tsawa ba ta ƙara mata komai ba sai tsoro. Daga baya na koma ba ta guntun karas a daidai lokacin da ta sassauta ƙafar, domin doki yana danganta lada da abin da ya aikata a daƙiƙar nan, jinkiri kuwa ruɗa shi yake yi. Idan ta cusa baki aljihuna ba na ba ta komai sai ta kawar da kai. Yanzu da kanta take ɗaga ƙafar, muna kuma takawa a hankali kowace safiya yadda likitan dabbobi ya tsara.